Tsutsar masara, waya da rigimar hotuna: abin da ya faru tsakanin wata jami'a da wani kamfani a Kaduna

Akwai wani aiki da aka yi tsakanin wata jami'a a nan jihar Kaduna da wani kamfani mai sayar da iri da taki da maganin feshi, wanda nake ganin ya kamata a rubuta shi tun daga tushe, sabida kullum a taro ana cewa jami'o'i su haɗa kai da kamfanoni, bincike ya sauko daga kan kanta ya shiga hannun jama'a, amma ba kasafai wanda ya shiga abun da ƙafarsa yake zama ya faɗi yadda ake kwashewa a ciki ba. Ni malami ne a sashen kwamfuta, kuma an kira ni cikin aikin ne bayan ya riga ya yi nisa. Ba zan faɗi sunan jami'ar ko kamfanin ko mutanen ba, dan har yanzu ana tare, kuma ba tonon silili ya sa ni rubutun ba.

Abin da aka so a yi a baki mai sauƙi ne. Manhaja ce za a sa a wayar Android, manomi ko malamin gona ya ɗau hoton masarar da yake zargi, ƙirƙirarriyar basira, wato abin nan da ake ce ma AI, ta duba hoton ta ce masa tsutsa ce ko ba ita ba ce. Tsutsar kuwa ita ce wadda Turawa ke kira fall armyworm, asalinta daga nahiyar Amurka take, an fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a farkon 2016, Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka ganta, kuma masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan na cikin waɗanda suka fara ba da rahoton. Uwarta wani irin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, tana iya cin kilomita 100 a dare ɗaya in iska ta taimaka, tana kuma iya saka ƙwai sama da 1,000 kafin ta mutu, shi ya sa cikin shekara biyu kacal ta game kusan duk Afirka kudu da Sahara. Duk mai noman masara a Saminaka ko Lere ko Soba ko Ikara ya san ta, ka shiga gona da safe ka tarar ganye duk huji, ka buɗa zuciyar masarar ka ga kashinta jibge kaman garin katako.

Wahalar ita ce ba ita kaɗai ke ɓata ganye ba. Akwai tsutsar kara da muka sani tun da, ita ma tana huda ganye tun masara na ƙarama kafin ta shige cikin karan. Akwai cutar da ke ja wa ganye dogayen zane rawaya-rawaya, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa, wannan in ta kama ko jarka guda ka juye mata ba ta warkewa. Akwai yunwar taki, wadda ke fara rawaya daga bakin ganyen ƙasa ta bi tsakiyarsa. Ga fara, ga ɓarnar ƙanƙara. Masanin ƙwari in yana son ya tabbatar sai ya zaƙulo tsutsar ya duba, a kanta akwai alama irin harafin Y a kife, a gaɓar kusa da ƙarshe kuma akwai ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi kusurwa huɗu. Manomi kuwa da ya ga huji sai shagon magani, kuma ba laifinsa ba ne, malamin gona ɗaya ne yake kula da ƙauyuka rututu, kafin ya iso an gama cinye gonar.

Ɓangaren jami'a akwai wani Farfesa masanin ƙwari wanda ya tsufa a aikin masara, da ɗalibarsa mai digiri na uku, da wasu malaman gona da suka saba aiki da shi. Ɓangaren kamfani akwai mai kamfanin, zan dinga ce masa Alhaji, da wani matashin injiniya da ya iya harkar AI sosai. Kamfani ya kawo mota da mai da wayoyi da kuɗin hayar manyan kwamfutocin nan da ake biya da dala ta intanet, ga kuma dillalansa da ke kusan kowace kasuwar ƙauye. Jami'a ta kawo ido, ma'ana mutanen da za su kalli ganye su ce wannan kaza ne kuma maganarsu ta zauna. Aka rattaba hannu a wata gajeriyar takardar fahimtar juna, aka ɗau hoto. A cikin takardar babu layi ko ɗaya da ya ce hotunan da za a tara na wane ne, babu inda aka ce wa ke da ikon buga sakamako a mujalla, babu inda aka ce me za a yi in sakamakon bai yi daɗi ba. Kowa ya ɗauka mutunci zai riƙe sauran.

Daminar 2021 aka yi tara hotunan, kuma wannan shi ne aikin da mutane ba sa gani in ana maganar AI. Hoto shi kaɗai ba ya koya wa na'ura komai, sai an sa masa laƙabi, an ce wannan tsutsar ce, wannan tsutsar kara ce, wannan lafiya lau. Ɗalibar nan ba ta yarda a sa laƙabi daga kallon hoto ba, sai ta buɗa zuciyar masarar da hannunta ta ga tsutsar ko ƙwan ko sabon kashi, sannan ta rubuta. Haka suka yi ta bin kunya-kunya ita da malaman gona cikin taɓo, daga fitowar masara har ta yi goyo, da yamma kuma a dawo Farfesa ya sake bin waɗanda ake kokwanto ɗaya bayan ɗaya. Sai dai akwai inda ƙafa ba ta kai ba. Lokacin yankin Birnin Gwari da wasu sassan Giwa ba sa shiguwa sabida 'yan bindiga, dan haka galibin hotunan daga gonakin bakin titi aka samo su da kuma filin gwaji na jami'a. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Sai ga yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas, wato ya haɗiye daminar gaba ɗaya. Jami'a a rufe, ɗalibar tana gida, Farfesa ba shi da ikon fitar da kowa gona da sunan makaranta. Shi kuwa Alhaji ya riga ya zuba kuɗi, kuma kasuwa ba ta san yaji ba. Sai ya sa injiniyansa ya karɓi kwafin hotunan ya ci gaba. Yaron ya yi abin da kowa ke yi a irin wannan aiki, bai fara daga sifili ba, ya ɗauko MobileNet, wani tsari da Google suka fitar dan ya iya aiki a waya, wanda an riga an horar da shi da hotuna sama da miliyan ɗaya na ImageNet, wani babban rumbun hotuna da ake koya wa na'ura da shi, ya ƙara masa horo da hotunan masararmu. Ya ware wani kaso na hotunan dan jarrabawa, ya gwada, sakamako ya fito kusan ba kuskure. Alhaji ya yi murna, ya sanar da dillalai cewa baɗi akwai sabon abu.

Da aka dawo aiki Farfesa ya ga lambar sakamakon jarrabawar sai jikinsa ya ba shi akwai matsala, dan shi da ya shekara da shekaru yana aikin yakan yi kokwanto a wasu hotunan, ta yaya waya za ta fi shi tabbaci. Anan ne aka neme ni, a farkon 2023, aka ce na duba.

Abu na farko da na tarar ko minti talatin bai ɗauka ba. Masu ɗaukan hoto sukan ɗau masara guda sau da yawa, ta nan ta can, kusa da nesa. Da injiniya ya zo raba hotuna sai ya gauraya su duka ya raba, sai ya zama hoton masara guda yana cikin na koyarwa, ɗan'uwansa da aka ɗauka daƙiƙa biyu bayansa yana cikin na jarrabawa. Kenan na'urar ta riga ta ga amsa. Da muka sake rabawa gona-gona, aka ce duk gonar da aka koya da ita ba za a yi jarrabawa da ita ba, sai lambar ta sauko sosai.

Abu na biyu ya fi ba ni tsoro. Akwai hanyar da ake bi a ga wane ɓangaren hoto ne na'urar ta fi dogara da shi kafin ta yanke hukunci, yana fitowa da launi a kan hoton. Da muka duba sai muka ga a hotuna da yawa ba ganyen take kallo ba, ƙasa take kallo da abin da ke bayan masarar. Dalili kuwa, galibin hotunan masara mai lafiya daga filin gwajin jami'a aka ɗauko su, inda an yi noma tsaf ba ciyawa, layi a miƙe, su kuma hotunan ɓarna daga gonakin manoma, inda akwai ciyawa, akwai wake ko gyaɗa a tsakani, ƙasar ma launinta daban. To sai ta koyi hanya mafi sauƙi, in ta ga gonar talaka ta ce tsutsa. Ba wanda ya koya mata haka da gangan, ita dai duk abin da ya fi saurin raba kashi biyun shi take kamawa. Na uku kuma, amsa biyu kawai aka ba ta, akwai tsutsa ko babu, ba ta da damar cewa ban sani ba, dan haka ko ganyen dawa ka nuna mata sai ta zaɓi ɗaya.

Na gaya wa injiniyan kar ya ji komai, dan manyan da suka fara wannan fanni ma sun ci karo da shi kuma sun faɗa da bakinsu. A 2016 wasu masu bincike, Mohanty da Hughes da Salathé, sun horar da na'ura da hotunan ganye 54,306 na rumbun hotunan PlantVillage, amfanin gona iri 14 da cututtuka 26, ta ci kashi 99.35 cikin ɗari a jarrabawar da aka yi da irin hotunan da ta saba. Da suka gwada ta da hotunan da aka ɗauka a wani yanayi daban sai ta faɗo zuwa wajen kashi 31. Abin da ya burge ni da su shi ne sun rubuta wannan faɗuwar a cikin takardar, ba su ɓoye ba, kuma daga baya ƙungiyar PlantVillage ta jami'ar Penn State da IITA suka koma gonaki na gaske suka tara hotuna, har aka samu manhajar Nuru mai gano cutar shuka a waya, da ke aiki ba tare da intanet ba. Da a ce wani ya hana su buga lamba ta biyun, da mutane da yawa sun yi ta gini a kan ta farkon.

Daminar 2023 muka fita da manhajar gona dan a gwada ta ido da ido, kuma lokacin an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, an saki naira a Yuni, kuɗin fita ya ninka, kuɗin hayar kwamfuta ma ya tashi tunda da dala ake biya, duk Alhaji ne ya ɗauka, wannan dole a yaba masa. A wata gona wajen Pambegua ɗalibar ta ɗau hoton wata masara da ganyenta na ƙasa suka yi rawaya, waya ta ce tsutsa. Dattijon mai gonar ya leƙo ya ce, "'Yata, me ta ce?" Ta ce, "Baba, wai tsutsa ce." Ya kama ganyen ya juya, ya buɗa zuciyar masarar ya nuna mata fes, ya ce, "Wannan ai yunwa ce, taki take so, ban samu na biyu na zuba ba." Kuma gaskiyarsa. Da wani yaro ne da bai kai shi sani ba, da kuɗin da zai tara ya sai yuriya ya tafi a kwalbar magani.

Nan ne ainihin lamarin yake, kuma shi ya sa nake ganin wannan aiki ya cancanci a yi nazarinsa. Na'urar ba ta cewa e ko a'a kai tsaye, lamba take fitarwa tsakanin 0 da 1, mutum ne yake zaɓar inda za a ja layi a ce daga nan zuwa sama tsutsa ce. In ka sauke layin ƙasa za ka kama kusan duk tsutsar da ke akwai, amma za ka yi ta kiran tsutsa inda babu. In ka ɗaga shi sama ƙararrawar ƙarya za ta ragu, amma wasu gonakin masu tsutsa za su wuce. Kuskure dai ba makawa, zaɓin shi ne wanne za ka haƙura da shi. A manhajar da aka gina an sauke layin ƙasa, kuma da zarar ta ce tsutsa sai wani maɓalli ya fito mai nuna maka dilan kamfanin mafi kusa. Kenan kuskure ta ɓangare ɗaya asara ce ga manomi amma ciniki ne ga kamfani. Ban yarda an yi haka da mugun nufi ba, na zauna da yaron, shi a tunaninsa gara a tsorata manomi da a bar shi ya yi asara. Amma hukunci irin wannan bai kamata ya zauna a hannun wanda zai ci riba da ɗaya daga cikin kuskuren biyu ba, ko da waliyyi ne.

Kuma a ilimin noma ma ganin tsutsa a masara ɗaya ba ya nufin a yi feshi. Abin da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, ke koyarwa shi ne ka ratsa gonar ka tsaya wuri 5, kowane wuri ka duba aƙalla masara 10, ka ƙirga nawa ke da sabuwar ɓarna, in masara na ƙarama sai abin ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari ake maganar magani, in ta girma ma ya fi haka. Manhajar da ke yanke hukunci daga hoto ɗaya ta tsallake duk wannan.

Aka zauna mitin a ofishin kamfanin a cikin garin Kaduna. Alhaji ya yi magana mai ma'ana, ba zan rage masa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe Farfesa, ni ɗan kasuwa ne, damina ba ta jira na. Shekara biyu ina zuba kuɗi. In ta ce a yi feshi alhali babu tsutsa, kwalba ɗaya aka rasa. In ta ce babu alhali akwai, gona ce ta tafi. Ku bar ni na fitar da ita a gyara a hanya." Farfesa ya ce, "Alhaji, kwalba ɗaya ce a wurinka. A wurin mai kadada ɗaya kuɗin takinsa ne. Kuma wa ke goya famfon feshin, ba yaransa ba ne, ba safar hannu ba takunkumi? Maganin yana kashe ƙwarin da ke cin tsutsar su ma. Sannan wannan tsutsa a can inda ta fito ta riga ta saba da magunguna da dama sabida yawan feshi, in muka koya wa mutanenmu feshi ba dalili, shekara kaɗan naka maganin ma zai daina ci. Ni ba zan sa sunan jami'a a kai ba."

Daga nan abu ya ɗau zafi, aka koma kan tambayar da takardar farko ba ta amsa ba. Ɗalibar ta rubuta babi guda na kundinta a kan yadda na'urar ta faɗi a gona da dalilin faɗuwar, tana son ta tura mujalla. Sai ga wasiƙa daga lauyan kamfani cewa hotunan da duk abin da aka samu daga gare su dukiyar kamfani ce tunda shi ya biya, ba a buga komai sai da izini. Yarinyar ta zo ofishina ido ya yi ja, ta ce, "Malam, shekara uku na rayuwata ne fa a cikin hotunan nan, in aka hana ni da me zan kare digirin?" Wallahi abun ya tsaya min a rai. Kuɗin mota da mai gaskiya na kamfani ne. Amma hoto marar laƙabi kowa zai iya ɗauka, abin da ya mayar da su dukiya shi ne hannun da ya buɗa zuciyar masara da idon Farfesa da ya tantance, kuma wannan ba a taɓa yi masa kuɗi ba, jami'a ta bayar da shi kyauta dan ba ta ɗauke shi a matsayin kaya ba.

Wannan rigima ba tamu kaɗai ba ce, har a ƙololuwar fannin ana yinta. AlphaFold na kamfanin DeepMind, wani tsarin AI mai hasashen siffar furotin (sinadaran da ke gina jikin halitta), wanda ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ta 2024 da David Baker, an horar da shi ne da bayanan Protein Data Bank, rumbun da masu bincike suka yi ta zuba sakamakon gwaje-gwajensu a ciki kyauta tun 1971. Kamfanin ya mayar da alheri, ya haɗa kai da cibiyar bincike ta EMBL-EBI da ke Turai aka buɗe hasashen siffar furotin sama da miliyan 200 ga kowa. Amma da suka buga AlphaFold 3 a mujallar Nature a watan Mayun 2024 ba tare da sakin rubutun da aka gina manhajar da shi ba, masana suka yi ca, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, sai a Nuwamba aka saki dan amfanin bincike. Su can suna da murya da mujallu da za su matsa. Ɗalibar digiri na uku a Kaduna ba ta da kowa sai sufabaizanta.

Akwai kuma wani ɓangare da ba wanda ya kula da shi sai da muka buɗe fayil ɗin. Kowane hoto na ɗauke da wurin da aka ɗauke shi, a wani jadawalin kuma ga sunan manomi da lambar wayarsa da girman gonarsa. A yankin da ake sace mutane dan kuɗin fansa, jerin sunayen manoma da girman gonakinsu da inda suke ba abin wasa ba ne. Ga shi a watan Yunin 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta ce sai da hujja ta doka, kaman yardar mutum, ake sarrafa bayanansa. An gaya wa manoman bincike ake yi, ba a gaya musu lambarsu za ta iya zuwa sashen talla ba. Abin mamaki wannan ne ya fara sassauta Alhaji, dan lauyansa da kansa ya ce masa akwai haɗari.

Sasantawar ta ɗau watanni. Jami'ar tana da ofishin kula da haƙƙin ƙirƙira, irin waɗanda hukumar NOTAP mai kula da harkar fasaha a Najeriya ta taimaka aka kafa a manyan makarantu, amma ba wanda ya tuntuɓe su a farko, su ma ba su taɓa riƙe batun da dukiyar ita ce tarin hotuna ba, sun fi sanin injin da za a yi wa rajista. Wani dattijo da duka ɓangarorin ke jin nauyinsa shi ya yi ta kai da komo. A ƙarshe aka rubuta sabuwar yarjejeniya. Hotuna da laƙabinsu na ɓangarorin biyu ne, kamfani shi kaɗai zai yi kasuwanci da su na wasu shekaru, jami'a kuma tana da ikon yin bincike da koyarwa da su, bayan wa'adin a saki wani kaso ga kowa bayan an goge wuri da suna. Duk takardar da za a buga kamfani zai gani kafin a tura, zai iya cewa a cire sirrin kasuwancinsa, amma ba zai iya cewa a cire sakamako dan bai yi masa daɗi ba. Inda za a ja layin nan kuma masana noma na jami'a ne za su tsayar, a rubuce, da dalilinsu. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran duka nauyi, kuma shi ne wanda aka fi daɗewa ana ja a kansa.

Manhajar ma ta canza. Yanzu tana da amsa fiye da biyu, tana iya cewa alamar yunwar taki ce, ko ta ce ba ta tabbata ba a nemi malamin gona. Tana bi da mutum ya duba masara 50 kafin ta ba da shawara, maɓallin dila ba ya fitowa sai ƙirgen ya kai. An sa murya da Hausa dan waɗanda ba sa karatun boko, har da neman izini kafin a ajiye lambar mutum. An fara ba malaman gona ita tukuna, ba a sake ta ga kowa ba. Alhaji ya rasa damina biyu da ya yi lissafi da su, kuma bai ɓoye cewa abun ya yi masa ciwo ba, amma bai janye ba. Ɗalibar ta tura takardarta har da babin faɗuwar, injiniyan kamfani na cikin marubutan.

Abin da ban gamsu da shi ba har yanzu shi ne malaman gona. Su suka sha rana da taɓo, abin da suka samu kuɗin mota ne da na abinci, a takarda kuma godiya ce a layin ƙarshe. Na kawo maganar a ba su wani kaso in manhajar ta fara kawo kuɗi, aka ce a bari sai an ga kuɗin. Haka ma a jami'a, in lokacin ƙarin girma ya zo takardun mujalla ake ƙirgawa, wanda ya kashe damina guda yana gina tarin bayanai mai tsafta ba shi da maki ko ɗaya, to wa zai yarda ya sake yi da zuciya ɗaya. Sannan horar da na'urar har gobe a asusun kamfani ake yi, jami'a ba ta da injin da zai ɗauka, ranar da aka ɓata ko muna da hotuna a hannu aikin ya tsaya.

Ga kuma abin da ke gabanmu. A Janairun 2024 an amince da fitar da masarar TELA, irin SAMMAZ 72T zuwa 75T, wadda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta samar tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da fasahar da kamfanin Bayer ya bayar ba tare da karɓar kuɗin haƙƙi ba, kuma an yi ta ne dan ta jure wa tsutsar kara da wannan tsutsar. In manoma suka karɓe ta, abin da ake gani a ganye a gonakin zai bambanta da na hotunan 2021, na'urar kuma ba ta taɓa ganin irinta ba. Haka ma gonakin yammacin jihar da ba a kai gare su ba, da masarar noman rani ta fadama, da sabbin wayoyi masu kyamara daban. Kenan kusan kowace shekara sai an sake fita an tara hotuna, an sa laƙabi, an sake horo, an sake gwaji a gonar da ba ta sani ba. Yarjejeniyar ba ta faɗi wa zai biya wannan ba. Alhaji na cewa jami'a ta nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na manyan makarantu, Farfesa na cewa wanda zai sayar shi zai kula da kayansa, kuma shi ne abu na farko a ajandar zaman da za a yi kafin ruwa ya sauka.